Tsohuwar Kwamfutarka ta Gem Ba Ta Mutu Ba: Daina Sayen Suna, Fara Awo



Yau darasin namu da ɗan faɗa a ciki, kuma da kai nake, kai mai kwamfutar gem ɗin da ta kwana biyu. Ka haɗa ta ko ka saye ta wajajen 2017 ko 2018, ta yi maka GTA V da FIFA da PUBG ko tari babu. Yanzu ka saka sabon wasa tana cijewa, hoto na tsalle, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Ka tara 'yan kuɗinka da ƙyar, ka nemi shawara, sai aka ba ka ɗaya daga cikin amsoshin nan biyu da kowa ya haddace: "Malam, wannan ai ta gama yayi, sayar kawai ka sayi sabuwa," ko kuma "Saka mata i7 da kati mai GB da yawa, shi ke nan."

Wallahi duka biyun shawarar ganin ido ce. Tambayi mai ba ka ita abu guda: ka auna ta? Ka kunna wasa ka ga wane ɓangare ne ya cika, wane ne ke zaman kashe wando? In ya ce a'a, to daidai yake da mai maganin da ya hango ka daga nesa ya ce a yanke ƙafa.

Kwamfuta ba ta tsufa gaba ɗaya rana guda. Tafiyar garke tafiyar gurguwar cikinsa ce. A mafi yawan tsofaffin kwamfutocin gem abu ɗaya ne, iyaka biyu, ke riƙe sauran. Mai kuɗi zai iya canja garken duka, babu ruwanmu da shi. Kai da kuɗinka ƙidayayyu ne, aikinka shi ne ka gano gurguwar, ka zuba kuɗinka a kanta kaɗai.

AWO KYAUTA NE, TO ME YA HANA KA?

Sauke MSI Afterburner, kyauta ce, kuma tana aiki da kowane irin katin hoto, ba sai na MSI ba. Ka saita ta ta riƙa nuna maka abu biyar a gefen sikirin yayin da kake wasa: yawan aikin katin hoto, yawan aikin furosesa, RAM nawa aka cinye, zafin kati da na furosesa, da kuma FPS, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa guda. Sai ka buɗe ainihin wasan da ke ba ka ciwon kai, ka yi minti goma sha biyar kana kallon lambobin nan.

In katin hoto na zaune a kashi 97 zuwa 100 cikin ɗari kuma FPS ya yi ƙasa, katin ne ya kai iyakarsa. In katin na lilo a kashi 50 ko 60 amma wasan na cijewa, to katin jira yake yi, wani ne bai miƙo masa aiki da wuri ba: ko furosesa, ko RAM. In RAM ɗinka 8GB ce kuma ka ga an cinye sama da 7, ka kama ɓarawonka. In kuma wasan na fara wa lafiya lau, sai bayan minti goma ya soma rarrafe, dubi lambar zafi.

Ga wani gwajin da ko manhaja ba ya buƙata. Rage kaifin hoton daga 1080p zuwa 720p. FPS ya tashi sosai? Katin hoto ne matsalar. Bai motsa ba? To ko ka kawo katin da ya fi kowane tsada a kasuwa, inda kake nan za ka tsaya, domin ba shi ne ya riƙe ka ba. Gwajin minti biyu ke nan, amma mutane na kwasar kuɗin watanni su kai kasuwa ba su yi shi ba.

KAFIN KA TAƁA ALJIHU, BUƊE MURFI

Mu da muke shan ƙurar hunturu sannan mu faɗa zafin Maris da Afrilu, kwamfutarmu ba irin rayuwar ta mai bita a YouTube take yi ba, wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi. Furosesa da katin hoto duk an ƙera su ne su rage wa kansu gudu idan zafi ya doshi iyakar da aka sa musu, wajajen digiri 90 zuwa 100 ga yawancin furosesoshi, don kada su ƙone. Kwamfutar da ta shekara biyar ba a buɗe ta ba, ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ta, man da ke tsakanin furosesa da abin sanyayawar ya bushe ya zama kamar alli, dole ta yi sanyin jiki.

Cire ta daga wuta, fita da ita waje, hure ƙurar da abin hura iska, ka riƙe fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa da ƙarfin iskar. Goge tsohon man, sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Ɗauke ta daga kan kafet da kusurwar bango. Sai ka sake awo. Akwai kwamfutocin da aka yi wa jana'iza alhali wanka kawai suke so.

TARKON FARKO: "AI i7 CE"

A nan ne jama'a suka fi zubar da kuɗi. Sunan i3 da i5 da i7 matsayi ne a cikin tsara guda, ba ma'auni ne na har abada ba. Core i7-2600 ta fito a 2011. Core i3-12100F ta fito a 2022. Duka biyun ƙwaƙwalwa huɗu gare su masu layin aiki takwas, amma ƙaramar i3 ɗin nan ta yi wa waccan i7 ɗin fintinkau a kowane wasa, ba ma kusa ba. Ƙari a kan haka, akwai wani tsarin umarni mai suna AVX2 da Intel ta fara sakawa daga tsara ta 4 a 2013; wasu sababbin wasannin ko buɗewa ba sa yi in babu shi. Ka ga ke nan mai i7-2600 na iya tsayawa a bakin ƙofa da babban sunansa.

Don haka duk wanda ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru, ka ce masa ya ƙarasa. i7 ta wace tsara? Lambar da ke bayan sunan ita ce maganar. Sarkin da aka tuɓe shekara goma sha, sunan sarki na nan, amma ba ya yanke hukunci.

TARKO NA BIYU: "KATIN 4GB NE FA"

Yawan GB a katin hoto girman rumbu ne, ba ƙarfin manomi ba. Akwai GT 730 mai 4GB da ake jerawa a shago da kwali mai hoton dodo. Wannan kati na nuna hoto a ofis ne, kuma GTX 750 Ti mai 2GB ta 2014 ta fi shi nesa ba kusa ba. GT 1030 kuwa iri biyu ne da suna ɗaya: mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun kusan rabin ƙarfin na farkon yake bayarwa a wasa. RX 580 ma akwai wanda ake rubuta wa 2048SP a ƙarshe. Asalin RX 580 na da injinan lissafi 2304, wannan kuwa 2048, daidai da na RX 570. Sannan ga na jabu ƙarara: tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa bayanan ciki ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kan tona asirin irin waɗannan, har tambarin jabu take manna musu a gaban sunan.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da za ka tambaya shi ne: wannan katin, a wasan da nake yi, a 1080p, FPS nawa yake bayarwa? Rubuta sunan katin da sunan wasan a YouTube, ka ga gwaji da idonka.

TO INA KUƊIN ZA SU?

Mu ɗauki kwamfutar da dubban mutane suka haɗa a 2017: Ryzen 5 1600 a kan madabod B350, RAM 8GB sanda ɗaya, GTX 1050 Ti, da faifan HDD mai 1TB. Abin dariyar shi ne wannan haɗin daidai yake da mafi ƙarancin abin da EA ta nema don FC 24: Ryzen 5 1600 ko i5-6600K, RAM 8GB, da GTX 1050 Ti ko RX 570. Wato tana bakin layi. Masu cewa ta mutu a nan suke kafa hujja. Ni kuwa na ce duba abin da kuɗi kaɗan zai yi mata, bi da bi.

RAM. Sanda ɗaya na nufin furosesa na ɗibar bayanai ta hanya guda alhali madabod ɗin hanya biyu gare shi. Ƙara sanda ta biyu mai 8GB irin ta farkon, ka samu abu biyu da kuɗin abu ɗaya: 16GB, da kuma hanya biyu. A madabod mai rami huɗu, yawanci rami na 2 da na 4 ake sakawa in ka ƙirga daga wajen furosesa. Duba littafin naka. Sannan shiga BIOS ka kunna XMP, wanda ASUS ke kira DOCP a ɓangaren AMD, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin gudunta za ta zauna a 2133 ko 2400. Ka kula, DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna. CPU-Z za ta faɗa maka wacce gare ka.

SSD. Bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri: SSD ba ya ƙara FPS a yawancin wasanni. Duk wanda ya ce maka yana ƙarawa, kaya yake son sayarwa. Abin da yake yi shi ne ya kashe dogon jiran buɗewa, ya rage cijewar nan da kake gani idan kana gudu da mota a babban gari wasan na ƙoƙarin ɗauko gine-gine daga faifai. HDD na ba da MB 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA wajen 550, NVMe na tsara ta 3 har zuwa wajen 3,500, kuma a karanta ƙananan fayiloli barkatai tazarar ta fi haka nesa. Amma a wasa, bambancin SATA da NVMe kaɗan ne. Kada ka biya kuɗin NVMe mafi gudu don burga. Sayi mai yalwar wuri daga kamfanin da aka sani, tunda wasa guda yanzu na iya cin 100GB. Tsohon HDD ɗin ka bar shi ya zama sito.

Katin hoto. In awo ya nuna shi ne, to nan kaso mafi tsoka zai tafi, kuma nan ne za ka ga canji da idonka. RX 6600 mai 8GB, wanda ya fito a Oktoban 2021, ya ninka GTX 1050 Ti fiye da sau biyu, wuta kuma wat 132 kawai yake sha, ƙasa da wat 185 na RX 580. Ga mai lissafin man janareta ko batirin sola, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sannan ka duba gaba kaɗan: a Oktoban 2025 Nvidia ta rufe fitar da sababbin direbobin wasa ga katunan GTX 900 da GTX 10, saura gyaran tsaro kawai. Wasanni irin su Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 kuwa ba sa tashi sam a katin da ba shi da injin bin haske, wato RTX ko RX 6000 zuwa sama. Don haka zuba kuɗi masu nauyi a GTX 1060 ko 1070 yau sai in arahar ta kai araha, kuma ka san wasannin da kake yi ba su wuce su ba.

Furosesa. A nan mai AM4 ya yi sa'a. AMD ta riƙe wannan soket tun daga Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin 5000, kuma a 2022 ta buɗe wa madabod na jerin 300 hanyar karɓar Ryzen 5000 ta sabunta BIOS. Ma'ana, madabod ɗinka na 2017 na iya ɗaukar Ryzen 5 5600 da ta fito a 2022, RAM ɗinka ita ce dai, kes ɗinka shi ne dai. Shiga shafin kamfanin madabod ɗin, tabbatar sunan furosesar na cikin jerin da yake karɓa, sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar na ciki, kuma don Allah kada ka yi wannan a kan wutar NEPA tsura. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod na iya zama faranti. Yi shi a kan UPS ko inbata.

Yanzu faɗa min, kwamfutar da ke da Ryzen 5 5600, RAM 16GB, SSD da RX 6600, wa zai kira ta gawa? Kuma ba a rana ɗaya za ka saya ba. Wannan watan RAM, wancan SSD, kati in an samu sarari. Sabuwa kuwa dunƙule take son kuɗinta, ga shi tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda manyan cibiyoyin AI na wawashe ta. Mai ce maka ka koma sabon tsarin DDR5 yanzu, ba aljihunsa ne zai yi kuka ba.

ABIN DA KOWA KE RAINAWA: AKWATIN WUTA

Za ka ga mutum ya sayi kati mai tsada ya jona shi a akwatin wutar da ko sunan kamfani babu a jikinsa, an dai rubuta 650W da manyan baƙaƙe, ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Araha ba ta ado. Duk sauran kayan in sun lalace su kaɗai suke tafiya. Akwatin wuta in zai mutu yakan ja maƙwabta.

Riƙe lissafin nan. Ramin PCIe na madabod na ba da wat 75. Wayar kati mai baki 6 na ƙara 75, mai baki 8 na ƙara 150. Bakin wutar SATA kuwa wajen wat 54 aka ƙera shi ya ɗauka. To wannan 'yar wayar da ake sayar maka mai juya SATA zuwa baki 8, me kake zaton zai faru idan kati ya nemi 150 ta hanyar da aka yi don 54? Narkewa. In akwatin wutarka ba shi da wayar da katin ke buƙata, amsa ce ya ba ka: ba zai iya ba.

Wannan ya fi shafar masu Dell OptiPlex da HP na ofis, 'yan Beljiyam ɗin nan da suka cika kasuwanninmu daga titin Beirut a Kano har Computer Village a Ikeja. Siraran cikinsu akwatin wutarsu ƙarami ne, yawanci wat 180 zuwa 255, da yawa kuma bakin wayarsu na kamfanin ne kaɗai. Abin da ya dace da su kati ne gajere wanda ba ya neman ƙarin waya, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. RX 6400 ma na shiga, sai dai layi huɗu kawai yake amfani da su, don haka a tsohon rami na PCIe 3.0 ƙarfinsa na raguwa. Kuma kowace iri ce kwamfutarka, kafin fitilu masu launi da kes mai gilashi, sayi sitabilaiza ko UPS. Fitilar RGB ko FPS ɗaya ba ta taɓa ƙara wa kowa ba.

INDA MASU "SAYI SABUWA" KE DA GASKIYA

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci a yi ta kashe mata ba. In kana kan DDR3 da furosesar Intel ta tsara ta 2 zuwa ta 4, SSD da RAM da ƙaramin kati su ne iyaka. Ka wuce nan, ka fara zuba ruwa a rariya. In kana kan i5-6500 ko i5-7400, rufin ɗakinka shi ne i7-7700K, ita ma ƙwaƙwalwa huɗu ce, domin tsara ta 8 ba ta aiki a madabod ɗinka duk da ramin ya yi kama. Ga kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga tsara ta 8 ta Intel da Ryzen 2000 take farawa, tare da TPM 2.0. Wasu wasannin intanet ma sun bi sahu: Battlefield 6 ba ya yarda sai an kunna Secure Boot.

To amma ko a nan, "sabuwa" ba ta nufin komai da komai. Mai DDR4 zai iya canja madabod da furosesa kawai, ya koma B450 da Ryzen 5 5600, ko H610 mai DDR4 da i5-12400F, ya riƙe RAM da SSD da kes da akwatin wuta da kati. Abu biyu ya canja, ba takwas ba. Wannan shi ne bayanin da mai son ya karɓi tsohuwarka a wulaƙance ya miƙo maka wata ba zai taɓa yi maka ba.

IN ZA KA SAYI NA HANNU

Mai ƙaramin kuɗi ba shi da makawa sai kasuwar na hannu, kuma babu aibu a ciki. Furosesa da RAM ba kasafai suke lalacewa ba. Katin hoto ne ke son ido, musamman RX 570 da RX 580, waɗanda da yawansu sun shekara suna haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumban 2022 su kwararo kasuwa. Sharaɗinka guda ne: a jona a gabanka. Buɗe GPU-Z ka ga sunan gaskiya. Kunna FurMark ko wasa mai nauyi na minti goma sha biyar, ka kalli zafi, ka saurari fanka, ka duba ko ɗige-ɗige ko layuka na fitowa a sikirin. SSD kuma a buɗe maka CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Mai kaya ya ce babu wuta, ko "ai ka yarda da ni"? Ka ce masa yarda na nan, amma gani ya kori ji. Ya ƙi, kama gabanka. Shago ba ɗaya ba ne.

Kafin ma duk wannan, shiga setin wasan ka sauke inuwa daga Ultra zuwa Medium, ka kunna FSR in wasan na da shi, tunda yana aiki har a katunan GTX 10. Babu wanda ke raba kambu don ka yi wasa a Ultra.

Ɗan uwa, kuɗin nan guminka ne. Daren yau sauke Afterburner, yi gwajin 720p, rubuta lambobinka a takarda. Sai ka kawo mana su nan ƙasa tare da sunan furosesa, madabod, RAM, kati, akwatin wuta, da wasan da kake son yi, mu duba tare mu gaya maka abu ɗaya da za ka fara saya. Wanda ya turo "wane kati ne ya fi kyau?" babu lambobi, amsarsa ita ce ya koma ya yi awo.

A tura wa abokin nan da ke shirin kai tasa kasuwa gobe. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu.